Dona Zulmira da Gidan da Ya Rage Mata

Ni na riga kowa gani. Kafin likita, kafin Fadan coci, kafin ɗan da ta haifa, ni Belarmino na Barro Fundo na gane cewa idon Dona Zulmira ya soma tafiya. Wata Talata ce da hantsi. Tana zaune a kujerar fata a bakin ƙofata, Littafi Mai Tsarki a buɗe a cinyarta, tana karantawa da muryar nan tata irin ta mai lallashin akuya ta tsaya a tatse ta. Bakinta na tafiya daidai, amma yatsanta ya tsaya a farin gefen takarda, inda babu ko ɗigon tawada. Mutumin da ya shekara tamanin da huɗu a wannan busasshiyar ƙasa, injin tsefe zaren igiya ya cinye masa yatsu biyu, maciji mai ƙararrawa ya sare shi sau biyu, ya faɗo daga hawa na uku a wurin gini a birnin Brasilia ya tashi ya kaɗe wandonsa, ya san lokacin da ake rufe baki.

Abin da ya dame ni shi ne, matar nan tana da alkawari tsakaninta da Allah wanda ta shekara arba'in tana cikawa, saura gida ɗaya tak ta gama. Gidan nawa ne.

Ba wanda ya taɓa ba ta takardar yabo. Ba a sa sunanta a titi ba, don dama Barro Fundo titi ɗaya gare shi kuma bai da suna. Shi ya sa na roƙi a bar mini fili a takardar cocin nan, in faɗa muku wace ce ita tun tana da kunnen da za ta ji.

Shekara arba'in ga yadda ranarta take. Gari na wayewa ta tashi ta sara wa awakinta ganyen palma, tsiron nan mai kaurin ganye da fari ba ya kashewa, ta ɗora kofi, ta turara dambun masara, ta ci a tsaye. Sai ta naɗe Littafin cikin tsohon buhun sukari da ta wanke ta kalmashe bakinsa, ta ɗau baƙar lemarta, ta kama hanya. Gida uku kafin rana ta take, gida biyu da la'asar sakaliya. Tsakanin nan tana kan kekenta na ɗinki, don tela ce. Ba malamar makaranta ba ce, aji huɗu ta yi aka cire ta. Ba sista ba ce. In ta iso gida ba ta doguwar gaisuwa. Ta tafa hannu a ƙofa, ta zauna, ta buɗe, ta karanta sura ɗaya ko biyu, ta rufe, ta sha ruwa rabin moɗa, ta wuce.

Asalin abin farin shekarar alif ɗari tara da tamanin da uku ne. Waɗanda suka gan shi ba sa son a tuna musu. Shekara biyar sama ba ta zubo abin kirki ba. Mun ci abin da akuya ke ƙi. Kusan kowane mako sai an wuce da ƙaramin akwati shuɗi zuwa makabarta, kuma biyu daga cikin akwatunan nan na Dona Zulmira ne. Sai na ukun, Genivaldo, ɗan wata takwas, shi ma zawo ya kama shi har maɗigarsa ta faɗa. Ta ɗauke shi ta shiga tsakiyar busasshen rafi, ta durƙusa a yashi mai zafi, ta yi alkawari. A nan kowa ya san alkawari. Wani ya ce zai taka a ƙafa har Juazeiro, garin da ake zuwa ziyarar ibada, wata ta ce za ta hau tudu da dutse a ka, wani ya bar sumarsa shekara bakwai. Ita ta ce in yaron ya tashi, za ta karanta Littafin nan daga kalmar farko zuwa ta ƙarshe a kowane gida na Barro Fundo da babu mai karatu a cikinsa.

Gida ashirin da shida ne. Yaron ya tashi.

Mijinta, Allah ya jiƙansa, ya riƙe kai ya ce, “Zulmira, dutsen fa? Mutane na ɗaukar dutse rana ɗaya su huta. Ke wa ya aike ki?”

Ta ce, “Dutse kowa na da shi. Ni abin da nake da shi na bayar.”

Da yake tela ce, kowane gida ta ba shi zarensa. Ja na wane, kore na wance, ta saƙala su cikin Littafin, kowanne a inda karatun gidan ya tsaya, har Littafin ya zama kamar mai gemu. Kuma tana da doka biyu da ba ta taɓa karyawa ba. Ba ta tsallake ko aya ɗaya, ba ta kuma yin wa'azi. In ka tambaye ta ma'ana ta ce, “Ni ba Fada ba ce. Ido da baki aka ba ni. Kai aka ba kunne, ka yi aikinka.” Fada kuwa sau ɗaya yake leƙo mu a wata biyu, in hanya ta yarda.

Ku tambayi Dona Marinalva, tana nan da ranta a gidan da ke kusa da tankin ruwan sama. 'Ya'ya tara ta haifa, duka tara birnin Sao Paulo, can kudu, ya haɗiye su, wasu ko wasiƙa. Da karatun gidanta ya kai Littafin Tarihi, wurin da babu komai sai wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, shafi bayan shafi, inda ko kare barci yake yi, sai Marinalva ta ajiye waken da take tsincewa ta ce, “Maimaita mini.” Aka maimaita. Ta ce, “Duk waɗannan 'ya'yan mutane ne? Kuma ba a manta ko ɗaya ba?” Dona Zulmira ta ce ga su nan dai a rubuce. Marinalva ta ce, “To nawa ma suna wani wuri a rubuce.” Daga ranar ta daina zama a bakin hanya tana duban ƙurar mota. Awakinta ta raɗa wa sunayen nan na Littafin, har yau akwai bunsuru a garin nan da ake kira Zorobabel.

Ku tambayi Valdomiro. Shi da wansa Leodoro sun shekara goma sha ɗaya ba sa ga-maciji a kan wani kwarmin dutse mai tara ruwa da ubansu ya bari, har Leodoro ya zagaye shi da waya mai ƙaya. Gidajensu shinge ɗaya ne tsakani. Dona Zulmira na gidan Leodoro tana karanta labarin Yusufu, ta kai inda 'yan uwan da suka sayar da shi suka zo gabansa neman hatsi ba su gane shi ba, sai sura ta ƙare. Ta rufe. Kawai aka ji murya daga bayan shinge:

“To sai me? Ya yanka su ne?”

Ta ce, “Seu Valdomiro, zaren gidanka bai shiga ba tukuna. In kana gaggawa, gobe war haka ina nan.”

Washegari ya shigo gidan wansa, hularsa ta fata a hannu, ya zauna a kan turmi ya juya wa kowa baya. Ba zan yi muku ƙarya in ce sun rungumi juna ba. Ba su ko gaisa ba. Amma kafin mako ya zagayo an ga wayar nan a naɗe, an rataye ta a bishiyar umbu, kuma har Leodoro ya mutu bai faɗi wanda ya cire ta ba.

Ke ce kika yi wannan, Zulmira, ba tare da kin ce wa kowa ya tuba ba. Ke ce mai lemar da rana ta ƙone har ta koma ruwan toka. Kin shiga gidan 'yan Katolika kin shiga na 'yan ɗaya cocin, masu tafi da waƙa, kin karanta a kan mai naƙuda, kin karanta a kan wanda ke shure-shuren mutuwa, kin karanta wa bango a gidan da mai shi ya kurmance. Mutane suka riƙa ƙaura, wasu makabarta, wasu kudu. Akwai gidan da kika fara da mutum goma sha biyu kika gama da tsohuwa ɗaya da kyanwarta. Ba ki fasa ba.

Yanzu in zo kan kaina, tunda ni ne ƙashin da ya tsaya mata a wuya.

Ita ta riƙe 'yata ranar baftisma, don haka kumadre nake ce mata, ita ta ce mini kumpadre. Duk farkon shekara sai ta tsaya a ƙofata ta ce, “Kumpadre, bana fa?” Ni kuma in nuna mata teburin zaure. A kansa akwai babban Littafi Mai Tsarki mai bakin zinariya, wanda na taho da shi daga Brasilia a kafaɗata. Kamar kowane gidan kirki a ƙasar nan, a buɗe yake a Zabura ta casa'in da ɗaya, Zaburar tsari, wadda kowa ya san tana maganin maciji da annoba da harsashi. Ban taɓa shiga aji ba, amma lamba ba ta ɓace mini, na shekara ashirin ina duban ma'aunin zare. Ni da hannuna na nemo tara da ɗaya, na buɗe, na ɗora dutse kada iska ta juya. Shafin ya yi ja don tsufa, ƙuda sun yi masa ado.

Sai in ce, “Kumadre, ki kai wa masu bukata. Ni nawa na aiki dare da rana ba sai an karanta ba. Kin ga wanda maciji ya sara sau biyu yana tsaye in ba ni ba?”

Ta ce, “Allah ya kai mu baɗi.” Ta wuce.

Matata Otilia ta so karatun nan kamar ranta. Ba ta taɓa yi mini musu ba. Sai dai in lokacin ya yi ta ɗau tulu kamar za ta ɗebo ruwa, ta je ta tsaya a tagar Marinalva. Haka ta ji Littafin, guntu-guntu, a tagogin mutane, a tsaye. Na sani, na yi kamar ban sani ba. Shekara huɗu ke nan da ta rasu, kuma har ta koma ga Allah ba a taɓa karanta ko aya ɗaya a ƙarƙashin rufinta ba. Wannan ba abin da zan yi fahari da shi ba ne, kuma ni mutum ne mai son fahari.

Bayan addu'ar bakwai yara suka koma kudu. Gidan ya yi shiru irin wanda har tafiyar ƙadangare a kan rufi kana ji. Ina dafa kofi kofi biyu bisa sabo, in zubar da ɗaya. Ran nan Dona Zulmira ta kawo mini dambu da ɗan mazarƙwaila, ta ajiye za ta fita, na ji bakina ya ce, “Kumadre, shafin nan kaɗai. Karanta mini in ji abin da ya tsare ni shekara hamsin.”

Ta tsaya ta dube ni, ta dubi Littafin. Ta ce, “Ka tabbata?”

“Ni na taɓa faɗin abin da ban tabbata ba?”

Ta ɗauke dutsen, ta hure ƙurar, ta fara. Na gyara zama ina jiran zaki da maciji da kibau. Sai na ji ana maganar yi wa Allah godiya da safe, da kaɗa molo, da itacen dabino. Na ce to, gabatarwa ce. Aka ci gaba, aka zo kan cewa itacen da aka dasa a gidan Allah ko ya tsufa ba ya daina 'ya'ya, ganyensa na nan ɗanye. Nan Zaburar ta ƙare.

Na ce, “Ina macijin?”

Ta ce, “Yana bayan shafi.”

“Wane irin bayan shafi?”

“Kumpadre, casa'in da ɗaya da kake ji a bakin mutane, lissafin Littafin masu tafi da waƙa ne. A irin namu na Katolika na da, ita ce ta casa'in. Ka wuce ta da shafi ɗaya.”

Na miƙe tsaye. Na ce, “Shekara hamsin ina shiga daji tsirara ke nan? Ina sa hannu a rami, ina taka ciyawa ba takalmi, ba komai a bayana sai dabino?”

Ta ce, “Ga ka nan dai.”

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun ranar da na fara shigowa zauren nan. Na faɗa wa Otilia. Ta ce in rufa mata asiri, in ka ji za ka daina fita gona.”

Na koma na zauna. Mata biyu, shekara talatin da biyar, suna kallona ina cika baki a kan shafin da ba shi ba. Na so in yi fushi, na rasa da wa. Can na ce, don kada in faɗi ƙasa warwas, “To kin ga ma abin ya fi girma. Ba tare da Zaburar ba na tsira. Wa ya kai ni?”

Ta ce, “Ko kuma Allah ba ya bin lambar shafi. Zaɓi ɗaya.” Ta ɗau lemarta. A bakin ƙofa ta juyo: “In juya maka shi zuwa daidai?”

Na ce ta bar shi. Kwana uku maganar tsohon itacen nan na yi mini yawo a ka. Ina da shekara tamanin, ba mata, ba yaro a gida, ba gonar kirki, wane ɗa kuma zan yi? Na ga ba wanda zai ba ni amsa sai Littafin da ya tayar da maganar. Rana ta huɗu na je har kan kekenta na ce, “Kumadre, bana.” Ba ta ɗago kai ba. Ta ciji wani baƙin zare ta tsinke, ta ce, “Tun tuni shi kaɗai ya rage.”

Muka fara daga Farawa. Ni ba na iya zama shiru kamar sauran mutane, sai na matso da kujera ina bin yatsanta. Wata rana na nuna wani harafi zagayayye kamar bakin tulu na ce wannan fa, ya cika yawa. Ta ce sunansa O, da shi sunan Otilia ya fara. Na duba shafin, ga shi nan ko'ina, sama da ƙasa. Ashe Littafin cike yake da ita. Daga nan na kama. Kafin mu fita daga jeji da Musa na san haruffa duka. A Ayuba na fara haɗa su. A Ishaya na karanta layi guda ni kaɗai, na fita waje na faɗa wa awaki. Ku nuna mini wani a jihar nan da ya fara karatu yana da tamanin, da yatsu takwas.

Shekara uku da rabi muna tafe, har muka shiga wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa. A nan ne na ga yatsan nan a farin takarda.

Na ƙyale ta ranar farko, na ƙyale ta rana ta biyu. Ta uku na ce, “Kumadre, bakinki na gida, yatsanki na gona.”

Ta rufe Littafin a hankali. Sannan ta ce, “Kamar hayaƙi ne, kullum ƙaruwa yake. Sura uku ke nan da ka nake yi maka. Karatu na yi alkawari, ba hadda ba. Sai an koma baya.”

Likitan birni ya ce ciwon sukari ne ya ci idon, ba gyara. Genivaldo ya bugo waya daga Sao Paulo ya ce ba zai bar uwarsa makauniya ita kaɗai da awaki ba, yana zuwa ɗaukarta da zarar an gama bikin Yahaya Mai Baftisma. Saura mako biyar ke nan. Sura hamsin da 'yan kai suka rage. A Barro Fundo kuwa gida bakwai ne ke tada hayaƙi, kuma mafi ƙuruciya a cikinmu ya haura saba'in.

Fada ya zo ya ce mata Allah ya ga zuciyarta, an sauke mata. Ta yi masa godiya, ta ba shi kofi, da ya tafi ta ce, “Ba da shi na yi alkawarin ba.”

Ni kuma na kawo tawa dabarar. Na ce, “Kin ce gidan da babu mai karatu. To gidana yanzu akwai. Na fita daga lissafi, kin gama tun bara ba ki sani ba.”

Ta ce, “Ranar da na durƙusa a rafi, jaki ya fi ka sanin harafi. Ba a yi wa Allah wayon lauya.”

Na ga matar nan za ta tafi da gida ɗaya a wuyanta har kabari, kuma ni na ɗora mata, da taurin kaina na shekara talatin da biyar. Da na bari tun Otilia na raye, da an gama tun idonta na ganin ramin allura. Sai da safe ina ba awaki ruwa abin ya zo mini. Na tafi da sauri har ina tuntuɓe.

Na ce, “Idona, bakinki. In karanta layi, ki maimaita da ƙarfi. Daga takarda ya fito, ba daga ka ba, kuma muryarki ce gidan zai ji.”

Ta juya fuskarta wajen da muryata take. Ta ce, “Da irin karatunka? Sai Yesu ya dawo muna wasiƙar Yakubu.”

“To sai ya ƙarasa mana da kansa.”

Ta kwana a kan maganar, washegari ta zo, hannu ɗaya a lema, ɗaya a shinge tana lalube. Muka ajiye nata mai ƙananan haruffa, na sauko da nawa daga tebur, karo na farko a shekara hamsin. Muka koma baya sura uku.

Ban taɓa aikin da ya ba ni wuya haka ba, har da injin zare. Sura ɗaya kan cinye mana safiya. In tsaya a kan kalma ina gumi kamar mai tura mota, ita tana jira, ta san kalmar sarai amma ba za ta faɗa ba sai ta fito daga bakina. In na kuskure ta buga lema a ƙasa. A Wahayin Yahaya, wurin wasu fara masu ban tsoro, kalmar gashi ta rikiɗe mini ta koma doki, don a harshenmu kamar tagwaye suke a takarda, na karanta cewa farar nan suna da dawakan mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Gida ashirin da biyar ban taɓa jin wannan ba. Koma, tsohon banza.” Ran nan kaɗai na ji dariyarta a makonnin nan. Muka ƙara zaman la'asar. Idona ya riƙa ruwa, muryarta ta dushe, tana tsotsar mazarƙwaila tana ci gaba.

Genivaldo ya iso ranar Juma'a, kwana biyu kafin ranar da ya faɗa, don ranar Litinin zai koma aiki. Sura uku suka rage. Ran Asabar da safe ya loda keken ɗinkin a bayan mota, ya sayar wa Valdomiro awakin, ya zo ya same mu a zaure.

Ya ce, “Mama, don Allah. Ni ne fa alkawarin. Ga ni nan, shekara arba'in da ɗaya, har da tumbi. Me ya rage?”

Ta ce, “Kai ne abin da aka ba ni. Wannan shi ne nawa. Je ka zauna a inuwa.”

“To Seu Belarmino, ba ni nan in karanta, minti goma mun gama. Hanya na da nisa.”

Ban san lokacin da na rungume Littafin ba. Ita kuwa ta ce, “Shekara uku ina renon idon nan, yau za ka kawo mini na aro? Ka bar shi.”

Ya fita yana gunaguni ya jingina da mota. Muka ci gaba. Rana ta ɗaga, inuwa ta gudu. Muka kai wurin birnin nan da aka ce ba kuka a cikinsa, kuma mazaunansa ba sa bukatar fitila ko rana. Na karanta, ta maimaita. Ta ce in sake. Shekara arba'in ba ta taɓa roƙon a maimaita mata komai ba, ita ake roƙo. Na sake. Da na ɗaga kai na ga Genivaldo a bakin ƙofa, ya cire hularsa. Marinalva na taga. Valdomiro na bayanta.

Rana na tsaka na kai layin ƙarshe. Na karanta shi ba kuskure ko ɗaya, a rubuta wannan. Ta maimaita, ta ce amin. Ba wanda ya motsa. Ta ɗora tafin hannunta a kan shafin ta bar shi nan, kamar mai jin zafin goshin yaro. Sannan ta sauke wata irin ajiyar zuciya ta ce, “Kumpadre, gidan nan ba a ba baƙo ruwa ne?”

Ta sha rabin moɗa. Ɗanta ya riƙe ta zuwa mota. Na tsaya a hanya har ƙurar ta kwanta.

Yanzu tana hawa na tara a wani bene a Sao Paulo. Ran Lahadi Genivaldo kan haɗa mu a waya. Ta ce ba ta jin kukan akuya, ba ta jin ƙanshin ƙasa, yini take a kujera kusa da tagar da ba ta ganin komai ta cikinta. Ba wanda ya san ta a can. Maƙwabta na ganin wata makauniyar tsohuwa ce daga arewa. Ba su san wadda ke zaune a saman kansu ba.

Ni na sani. Na gode, Zulmira 'yar rafi, mai zare ashirin da shida. Na gode a madadin Marinalva da 'ya'yanta tara, da Leodoro da ke kwance, da Otilia da ta ji ki ta taga. Kin same ni ina bauta wa shafi, kin bar ni ina karanta Littafi. Hantsi na yi har yanzu sai in ji kamar an tafa hannu a ƙofa, in leƙa, ba kowa sai rana. Sai in zauna in buɗe da kaina.

Ku kuma masu ido biyu da takardun makaranta, ku ji kunya kaɗan. A kowace unguwa akwai tsoho ko tsohuwa da Littafi a buɗe a tebur yana shan ƙura, shekara da shekaru ba a faɗa musu abin da ke ciki ba. Ba a ce ku yi gida ashirin da shida ba. Ku yi ɗaya. Ku tafa hannu, ku zauna, kada ku tsallake, kada ku yi wa'azi. Ni na koma Farawa a gidan Valdomiro, kunnensa ya toshe sai na yi ihu, kuma in Allah ya ba mu shekara huɗu za mu gama.

Na san akwai masu cewa wani ne ya rubuta mini wannan, tsohon da bai taɓa zama a benci ba ina shi ina takarda. To hanyar Barro Fundo ba a rufe take ba. Gidana ne na ƙarshe kafin rafi. Ka zo da naka Littafin, na Katolika ko na masu tafi, ka rufe ido ka buɗe duk inda ka ga dama, ko wurin sunayen nan masu karya haƙori ne, ka ɗora yatsa. In na kasa, ka tafi da hulata. In na karanta, za ka zauna har in kai ƙarshen surar, kuma ina gaya maka tun yanzu, ba na sauri.